Me aka haɗa aka yi DNA, kuma me ya sa ya murɗe?

Galibin mutane suna jin sunan DNA ne idan ana taƙaddama kan uban yaro, ko ana neman wanda ya aikata laifi, har ya zama kamar wani sirri ne da sai na'ura ke iya gani. Alhali abu ne na zahiri, sinadari mai nauyi da tsawo da kauri, wanda ke ɗauke da bayanan gado a jikin mai rai. Idan aka farfasa tantanin halitta, wato 'yar ƙwayar da aka gina jikin mai rai da irinta, da ruwan sabulu da ɗan gishiri, sannan aka tsiyaya alkohol mai sanyi a kai, sai ka ga DNA ya taso fari-fari yana yauƙi, har a iya naɗe shi a jikin tsinke. Kuma duk girman aikinsa, abubuwa biyar kacal aka haɗa aka yi shi: kabon, haidirojin, oksijin, naitirojin da fosfaras. Babu baƙo a cikinsu, duk suna nan a iska da ruwa da ƙasa. Yadda aka jera su ne ya fitar da shi daban, kuma kusan kowane aiki da yake yi ana iya bin sawunsa zuwa wani ɗan ƙaramin al'amari na sinadari, wani lokacin atam ɗaya tak.

Wanda ya fara ware shi wani matashin likita ne ɗan Suwizalan, Friedrich Miescher, a shekarar 1869 a garin Tubingen na Jamus. Bandejin da aka cire daga raunukan majinyata yake karɓa, ya wanke mugunyar da ke jiki don ya samu fararen ƙwayoyin jini. Daga cibiyar waɗannan ƙwayoyi ya fitar da wani abu da bai yi kama da furotin ba, mai ɗauke da fosfaras da yawa. Bai san amfaninsa ba, kuma an kwashe shekaru fiye da 70 kafin a tabbatar.

DNA doguwar sarƙa ce, kuma kowace gaɓarta ana ce mata nukiliyotaid. Gaɓar tana da sassa uku: sukari, fosfet (fosfaras haɗe da oksijin), da wani sinadari mai naitirojin wanda iri huɗu ne, adinin, tayamin, guwanin da sitosin. Su ne ake taƙaitawa da A, T, G, C, ake kuma kira haruffa. Sukarin da fosfet ɗin ba sa canzawa, iri ɗaya ne daga farkon sarƙa har ƙarshenta, a jikin mutum ko tsiro ko bakteriya. Harafin ne kaɗai ke sauyawa.

Sukarin ba wanda ake sha ba ne. Yana da kabon biyar, huɗu sun haɗu da oksijin ɗaya sun yi zobe, na biyar ya leƙo waje. Masana sun ba kowanne lamba daga 1 zuwa 5, kuma wanda ya riƙe waɗannan lambobi ya fahimci rabin zancen. Harafi yana manne da kabon na 1. Fosfet yana manne da na 5. Fosfet ɗin gaɓar da ke biye kuma yana kama na 3. Haka abin ke tafiya, sukari, fosfet, sukari, fosfet, ko da yaushe daga na 3 na wannan zuwa na 5 na wancan. Sakamakon haka sarƙar tana da gaba da baya: wani bakin ya ƙare da kabon na 5, ɗayan da na 3. Shi ya sa GAT da TAG ba abu ɗaya ba ne, tantani daga ɓangare ɗaya yake karatu.

Saura kabon na 2, wanda a ganina ya fi kowanne ban sha'awa, domin muhimmancinsa a abin da ya rasa yake. A cikin RNA, ɗan'uwan DNA, wannan kabon yana riƙe da oksijin da haidirojin. A cikin DNA babu oksijin ɗin. Wannan oksijin na RNA fitinanne ne: yana dab da fosfet, kuma da zarar ya samu hali, musamman a ruwa mai alkali, sai ya juya ya farma fosfet ɗin ya tsinka sarƙar da kansa. Don haka RNA ba ya daɗewa. Hakan ya dace da aikinsa, domin saƙo ne da ake aikawa a yi amfani da shi a rushe, kuma wannan rashin juriya yana cikin dalilan da suka sa rigakafin korona na RNA ya buƙaci sanyi mai tsanani wajen ajiya. Shi kuwa DNA, da yake ba shi da wannan makami a jikinsa, yana jure zamani. A 2021 an karanta DNA daga haƙoran wasu tsoffin giwaye masu gashi na Saiberiya da suka haura shekara miliyan ɗaya, a 2022 kuma aka samo gutsattsarin wani daga ƙasar Girinlan mai kusan shekara miliyan 2. Sanyi ya taimaka ƙwarai, amma da RNA ne da wuya a tarar da komai.

Fosfet kuma cajin lantarki yake ɗauke da shi, nagatif, ɗaya a kowace gaɓa. Sarƙar duka ta zama dogon jerin caji iri ɗaya. Wannan ne ya sa DNA ke narkewa a ruwa, ya kuma hana shi ratsa bangon tantani mai maiƙo ya zube waje. Cajin yana kuma korar wasu sinadarai masu caji irinsa waɗanda da sun tsinka shi. A ɗakin gwaji ma da shi ake aiki: a zuba gutsattsarin DNA a cikin wani abu mai kama da daskararren kitse, a kunna lantarki, sai duk su nufi ɓangaren fozitif, gajeru a gaba, dogaye a baya. Layukan nan da ake gani a hoton sakamakon gwajin DNA daga nan suke fitowa.

Na daɗe a kan sukari da fosfet da gangan, domin an fi yin watsi da su. Rashin canzawarsu ma ya taɓa yaudarar masana. Phoebus Levene, wanda ya gano sukarin DNA a 1929, ya ɗauka haruffan huɗu maimaita kansu kawai suke yi a jere ɗaya, don haka aka ɗauki DNA a matsayin abu maras wayo da ba zai iya ɗaukar gado ba. Furotin ake zargi, tunda shi yana da tubala iri 20. A 1944 Oswald Avery da abokan aikinsa Colin MacLeod da Maclyn McCarty suka nuna a Amurka cewa tsantsar DNA na iya sauya halin bakteriyar ciwon huhu, amma da yawa ba su gamsu ba. A 1952 Alfred Hershey da Martha Chase suka yi amfani da wani bambanci mai sauƙi: DNA yana da fosfaras ba shi da sulfa, furotin kuwa yana da sulfa, fosfaras ɗinsa bai taka kara ya karya ba. Suka yi wa kowanne alama a jikin wata ƙwayar bairas mai kama bakteriya, suka ga fosfaras ne ke shiga ciki, sulfa na tsayawa a waje.

A tsakanin nan Erwin Chargaff ya auna haruffan a halittu daban-daban, ya ga abu biyu. Na farko, yawansu ya bambanta daga halitta zuwa halitta, wato ra'ayin Levene ya faɗi. A jikin mutum A da T sun kai kusan kashi 60 cikin 100, a ƙwayar zazzaɓin cizon sauro mafi tsanani kuwa kusan kashi 80. Na biyu, ko a wace halitta, yawan A daidai yake da na T, yawan G daidai da na C. Ya wallafa wannan wajen 1950, bai kuwa gano dalilinsa ba.

Dalilin yana cikin siffar haruffan. A da G manya ne, zobe biyu-biyu a manne. T da C ƙanana ne, zobe ɗaya-ɗaya. DNA sarƙa biyu ce suna fuskantar juna, kamar tsani: sukari da fosfet su ne sandunan gefe, haruffa biyu da suka haɗu a tsakiya su ne matakala. Idan babba ya haɗu da babba matakalar za ta yi faɗi, idan ƙarami da ƙarami ba za su taɓa juna ba. Babba da ƙarami ne kaɗai ke ba da faɗi ɗaya ko'ina. To me ya hana A ya haɗu da C? A bakin kowane harafi akwai wuraren da ke miƙa haidirojin da wuraren da ke karɓa. Na A sun dace da na T a wuri biyu, na G sun dace da na C a wuri uku. A da C kuwa mai miƙawa ne ke fuskantar mai miƙawa, ba su da abin riƙe juna. Matakalar A da T da ta G da C kusan girma ɗaya ne da siffa ɗaya, saboda haka ana iya jera su ta kowace hanya ba tare da sandunan gefe sun lanƙwashe ba. Nan ne asirin yake. Siffar ba ta damu da abin da aka rubuta ba, don haka ana iya rubuta komai.

Gano wannan bai zo da sauƙi ba. Linus Pauling, gwanin ilimin sinadarai na zamaninsa, ya fitar da tsari a farkon 1953 mai sarƙa uku da fosfet a cushe a tsakiya, abin da ba zai tsaya ba tunda caji iri ɗaya tunkuɗe juna yake yi. James Watson da Francis Crick su ma sun yi irin wannan kuskure a Kambirij a 1951, Rosalind Franklin ta je ta duba ta nuna musu cewa ruwan da DNA ke sha ya nuna fosfet a waje yake. Ita ce a Landan take haska zaren DNA da hasken eksire, kuma a watan Mayun 1952 ita da ɗalibinta Raymond Gosling suka ɗauki hoton nan mai lamba 51, mai siffar X, alamar abu murɗaɗɗe. Maurice Wilkins ya nuna wa Watson hoton ba da saninta ba, kuma alƙaluman wani rahoto nata suka kai hannun Crick, wanda daga su ya gane cewa sarƙoƙin biyu kai da ƙafa suke kwance, ɗaya ta nufi sama ɗaya ta nufi ƙasa. Akwai kuma wani da ba a cika ambata ba, Jerry Donohue, wanda ya gaya wa Watson cewa zanen G da T da ke littattafan lokacin ya sa haidirojin a inda ba nan yake ba. Da aka gyara matsayin wannan atam, Watson ya jujjuya haruffan da ya yanka da kwali a kan tebur, suka shige juna. Takardarsu ta fito ranar 25 ga Afrilu, 1953. Franklin ta rasu a 1958 tana da shekara 37, kyautar Nobel ta 1962 ta tafi ga Watson da Crick da Wilkins. Ni dai ina ganin duk wanda zai ba da wannan labari ya tsallake awonta, bai ba da shi daidai ba, domin Watson da Crick ba su yi gwaji ko ɗaya a kan DNA da hannunsu ba.

To me ya sa tsanin ya murɗe maimakon ya miƙe? Amsar tana wurin ruwa. Haruffan shafaffu ne, fuskokinsu kuma ba sa shiri da ruwa, sun fi son su kwanta a kan juna su matse shi waje. Kaurin kowace matakala kusan nanomita 0.34 ne, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Amma tazarar da ke tsakanin sukari da sukari a sandar gefe ta kai kusan 0.6. Da tsanin ya miƙe, da an samu giɓi tsakanin matakalu, ruwa ya shige. Hanyar rufe giɓin ba tare da tsinka sanda ba ita ce kowace matakala ta ɗan juya a kan ta ƙasanta, da kusan digiri 35. Bayan matakalu 10 da ɗan ɗori an yi zagaye guda. Faɗin abin duka nanomita 2 ne, kuma dama yake murɗewa, kodayake zane-zane da yawa a talla da jaridu suna juya shi hagu bisa kuskure. Akwai wani nau'i mai murɗewa hagu da gaske, wanda aka gano a 1979, amma a 'yan wurare yake bayyana.

A makaranta an fi koyar da cewa haɗin haidirojin, wato miƙawa da karɓar nan da ke tsakanin haruffa, shi ne ke riƙe sarƙoƙin biyu. Rabin gaskiya ce. Haɗin haidirojin shi ke zaɓar wa kowane harafi abokinsa, amma mafi yawan ƙarfin da ke tsayar da ginin daga wannan kwanciya ta haruffa a kan juna yake zuwa. Abin lura kuma shi ne ƙarfin bai zama ɗaya ba ta kowace fuska. A tsawon sarƙa haɗin mai ƙarfi ne, tafasa ba ta tsinka shi nan take. A tsakanin sarƙoƙin biyu kuwa mai rauni ne: a ɗumama DNA zuwa digiri 95 sai su rabu, a bar shi ya huce sai kowacce ta nemo abokiyarta. Jerin haruffa na nan daram, amma ana iya buɗewa a karanta a rufe. Gwajin PCR da ake yi wa cututtuka a kan wannan ɗumamawa da hucewa aka gina shi. Wuraren da G da C suka yi yawa sun fi wuyar rabuwa, tantani kuma sau da yawa yakan fara buɗe DNA ne daga inda A da T suka taru.

Ba ma kullum sai an buɗe ba. Haruffan biyu ba a tsaka-tsakin bayansu suke manne da sukari ba, sun karkata gefe ɗaya, don haka kwaruruka biyu da ke zagaye jikin DNA ba su zo daidai ba, ɗaya mai faɗi ɗaya matsattse. A cikin mai faɗin gefen haruffa a bayyane yake, kuma kowace matakala tana da nata fasali. Furotin da ke kunna ƙwayar gado, wato yankin DNA mai ɗauke da umarni guda, ko kashe ta yakan zura wani sashensa cikin wannan kwari ya laluba har ya gane jerin da yake nema. Da irin wannan ne tantanin hanta da na ido suke bambanta, alhali DNA ɗinsu ɗaya ne.

Tunda kowace sarƙa ta ƙayyade abin da ke ɗayar, kwafi ya zama mai sauƙin fahimta: a raba su, a gina wa kowacce sabuwar abokiya. Matthew Meselson da Franklin Stahl sun tabbatar da haka a 1958 ta hanyar ciyar da bakteriya da naitirojin mai nauyi. Sai dai enzayim mai ginin, wato furotin da ke yin aikin, ba ya iya ƙara gaɓa sai a bakin kabon na 3, sarƙoƙin kuma kai da ƙafa suke, don haka ɗaya ana gina ta a miƙe, ɗayar kuma guntu-guntu a riƙa ɗinkewa.

Wani abin da ke ɗaure wa ɗalibai kai shi ne dalilin da ya sa DNA ke amfani da T alhali RNA yana amfani da yurasil, wato U. Su biyun kusan abu ɗaya ne, dukansu da A suke haɗuwa, bambancin kawai T yana da ƙarin kabon ɗaya da haidirojin uku a gefe, kuma ƙera shi ya fi cin ƙarfin tantani. Me ya sa ake wannan ɗawainiya? Saboda C ba shi da cikakkiyar natsuwa. A cikin ruwan jiki, haka kawai, yakan yar da wani sashensa mai naitirojin ya rikiɗe ya zama U, kuma hakan na faruwa kullum a kowane tantani. Da U halastaccen harafi ne a DNA, da babu yadda za a bambanta na asali da wanda lalacewar C ta haifar. Da yake T ake amfani da shi, duk U da aka gani ɓarna ce. Akwai enzayim da aikinsa ke nan, ya bi sarƙa ya tsame U, sannan a duba G da ke ɗaya gefen a mayar da C. Tomas Lindahl ne ya gano shi a shekarun 1970, shi ne kuma ya ƙiyasta cewa kowane tantani na asarar haruffa kusan 10,000 a rana, galibi A da G da ke ɓallewa daga sukarinsu. Hasken rana ma yakan manne T biyu da ke maƙwabtaka a fatar mutum. Ashe jurewar DNA a jikin mai rai ba ta ƙarfinsa kaɗai ba ce, gyara ake yi ba dare ba rana, kuma gyaran yana yiwuwa ne don akwai sarƙa ta biyu da za a duba. Lindahl da Paul Modrich da Aziz Sancar sun samu kyautar Nobel a 2015 kan wannan fanni.

Batun tsawo lissafi ne kawai. Mutum yana gadon matakalu kusan biliyan 3 daga uwa, wasu kamar haka daga uba. A ninka biliyan 6 da nanomita 0.34, a samu kusan mita 2, a rarrabe cikin ƙulli 46 da ake kira kuromosom, duk a cikin cibiyar da faɗinta bai wuce kashi ɗaya cikin 100 na milimita ba. Cajin fosfet ne ya sake shigowa a nan. Akwai furotin da ake kira histon masu cajin fozitif, takwas-takwas suke dunƙulewa, DNA ya naɗe kowane dunƙule kusan sau biyu da matakalu 147, sannan dunƙulen su sake naɗuwa. Inda naɗin ya matse ba a karantawa, inda ya saki ana karantawa. Jajayen ƙwayoyin jini da suka balaga ba su da cibiya sam, don haka DNA da ake samu a gwajin jini na fararen ne.

Duk da gyara da bin diddigi, wani kuskuren yakan tsallake, kamar ɗaya cikin haruffa biliyan ko fiye a kowane kwafi. Idan ya faɗa a ƙwan mace ko maniyyi sai ya zama gado. Cutar sikila misali ce da aka sani dalla-dalla. Tantani yana karanta haruffa uku-uku, kowane uku na nufin tubalin furotin ɗaya. A kan kuromosom na 11 akwai ƙwayar gadon da ke ƙera wani sashe na himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini, sashe mai tubala 146. A wurin tubali na 6 yawancin mutane suna da GAG, mai sikila kuwa GTG. A ya koma T, abokinsa na ɗaya gefen ya koma A, faɗin matakalar bai canza ba, don haka masu gyara ba su ga abin gyarawa ba. Amma GAG na kawo tubali mai caji da ke shiri da ruwa, GTG kuma na kawo wani tubali mai suna balin, wanda ba ya shiri da shi. Idan oksijin ya yi ƙasa, wannan ɗigo mai gudun ruwa yakan maƙale a jikin himogulobin na kusa, wancan ma ya kama na gaba, su yi dogayen sanduna da ke tanƙware jar ƙwayar jini har ta toshe ƙananan jijiyoyi. Vernon Ingram ne ya gano sauyin tubalin a Kambirij a tsakiyar shekarun 1950. Wanda ya gaji sauyin daga ɓangare ɗaya shi ne AS, yawanci lafiyarsa ƙalau, yana ma da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Wanda ya gada daga uwa da uba duka shi ne SS.